Wani abu na kashe min kaji da daddare a Dogarawa, dan Allah a ba ni shawara

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu kiwo da masu sanin dabbobi ku taimaka min don wallahi abin ya fara isata. Muna zaune ta Dogarawa ne a Zariya, can ciki inda ake ta sabbin gine-gine, bayan katangarmu akwai kango da mai shi ya kai linta ya bari shekara da shekaru, ciyawa ta fi tsayin mutum a ciki, gefe kuma mutanen layi sun mayar da wajen bola. Tunda damina ta ja baya wani abu ke shigo min da daddare yana kashe kaji, na gida ne da 'yan zabi da na sa kaza ta ƙyanƙyashe, kuma da su nake ɗan rufa wa kaina asiri, kuɗin Islamiyya da na sabulu duk daga nan suke fita. Abin da ya fi ƙona min rai ba ɗauka yake ya tafi ba, sai da safe in tarar da kaza kwance an ciji wuya an cinye kai an bar gangar jikin, ƙwai kuma an fasa an shanye. Daren jiya da na ji ihunsu na haska tocila sai na ga idanu biyu na ƙyalli a bakin magudanar ruwa, ya fi mage tsawo, ƙafafu baƙaƙe, jela mai gashi buzu-buzu fara-fara, kafin Baban Ummi ya ɗauko sanda har ya sulale. Yara sun ce yanyawa ce, shi ya ce tunku ne, maƙwabciyata kuma ta ce in barbaɗa shinkafar ɓera a mushen kaza in ajiye kowa ya huta. Ni dai ina tsoro saboda ina da mai rarrafe. Af, har yarona na tsakiya ma shekaranjiya da magariba ya zura hannu a ramin magudanar wai zai ciro ƙwallo wani abu ya ɗan cije shi a yatsa, amma ba wani ciwo ba ne ya ma bushe. Me kuke ganin zan yi?

Nas daga Wusasa:
Wa alaikumus salam. Maman Ummi ki ajiye maganar kaji tukuna, yaron nan shi ne magana. Ki kai shi asibiti yau ɗin nan kar ki ce sai gobe, ko asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na Shika, ki ce musu dabbar daji ce ta cije shi kuma ba a kama ta ba. Ciwon haukan kare ba daga kare kawai ake ɗauka ba, gaskiya ne kusan kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa kare ne ke cizonsu, amma dila da yanyawa da tunku da mage duk suna iya ɗaukarsa. Kuma ba ruwansa da ƙanƙantar ciwo ko bushewarsa, ƙwayar cutar jijiya take bi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, sai a yi wata ɗaya ko biyu ko uku yaro na wasansa lafiya lau, in alamu suka fito kuwa sai dai addu'a don kusan ba wanda ke tashi. Cizon yatsa ma ya fi ban tsoro saboda jijiyoyi sun yi yawa a wajen. Allurar tana aiki sosai in an fara da wuri, ana yin ta farko ranar da aka je sai a ba ku ranakun da za ku koma, kar ki tsallake ko ɗaya, su duba maganar allurar tetanus ma. Ga sauran 'yan uwa masu karantawa, duk wanda dabba ta ciza ko ta yakusa a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cif kafin a tafi asibiti, ba toka ba gishiri ba man birki.

Maman Ummi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, hankalina ya tashi. Yana makaranta yanzu na kira babansa ya ɗauko shi mu wuce. Na gode Anti Allah ya saka da alheri.

Baba na Bomo:
Allah ya tsare yaro ɗiyata. Kan maganar dabbar, mai gidanki ya fi yaran gaskiya. Na yi farauta da ƙuruciya tun daga bayan Bomo har gefen Kufena, yanyawa ƙarama ce launin yashi da manyan kunnuwa, bakin jelarta baƙi ne ba fari ba, kuma ita in ta samu kaza ɗauka take ta tafi raminta sai dai ki ga gashi a hanya. Mai baƙaƙen ƙafafu da farar jela da ke fita da dare tunku ne, babban, shi ne mai cin kai ya shanye ƙwai. Inyawara kuma mai ɗige-ɗige ce da doguwar jela mai zobe-zobe, ita ta sama take zuwa, tana hawa katanga da bishiya. Muzuru 'yan tsaki ya fi so. In ƙwai ke ɓacewa da rana tsaka ki nemi damo ko guza. In kina son tabbatarwa ki tankaɗe toka ki baza a bakin magudanar da kewayen akurki bayan isha'i, da asuba kafin yara su tattaka ki ɗauki hoton sawun ki turo. Sawun mage ba ya nuna farce, na tunku da na dangin kare yana nunawa.

Kuma abin da yaran yanzu ba su sani ba, wajen nan naku da Hanwa ta ciki da Zango da bayan Basawa duk gonakin dawa ne da fadama muna samari, mu muka je muka same su. An sare itatuwa an zuba bulo, su kuma suka ga kango ga bola ga ɓeraye ga kaji, ina za su? Ki jira ma a gama girbi yara su fara cinna wa ciyawa wuta suna farautar gafiya, lokacin ne komai ke gudowa cikin gidaje har macizai.

Ɗan Kwangila:
Hajiya kar ki wahalar da kanki, shinkafar ɓera ta ɗari biyu ta gama magana. Haka muka yi a layinmu.

Ɗalibar likitan dabbobi, Samaru:
Dan Allah yayana kar mu ringa ba da wannan shawara, da mai rarrafe fa a gidan. Guba ba ta zaɓe, abin da ya ci ya mutu a wani lungu, magen maƙwabta ta ci ta mutu, kaji su tsattsagi ragowar a yanka a ci, mujiya da shirwa su ɗauki ɓeran da ya ci su ma su tafi. Kuma ko kin kashe wannan tunkun, muddin kangon da bolar na nan wani zai maye gurbinsa kafin wata ya zagayo. Wani abu kuma, tunku ɓera yake ci da ƙwari da macizai, kaji ƙari ne ya samu a buɗe. In aka ƙarar da su a unguwa ɓeraye ne za su yi yawa, ga rani na zuwa lokacin da zazzaɓin Lassa ke tashi, wanda ɓera ke yaɗawa ta fitsari da kashi a kan abinci, tun 1969 da aka fara gano shi a garin Lassa na jihar Borno muke fama da shi. Ni a ganina ɓeran da ke shiga buhun garinki ya fi tunkun hatsari nesa ba kusa ba. Kajin da ya kashe kar a ci kar a jefa bola, a binne da zurfi. In kuna da mage ko maƙwabta na da kare a kai asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) cikin Samaru a yi musu allurar haukan kare, duk shekara ake sabuntawa.

Ɗan Kwangila:
To ai ni ban san da jariri ba. Amma gaskiya mutum na ji yana gani ana cinye masa jari a ce ya yi haƙuri?

Malam na Tudun Jukun:
Ba a ce ta yi haƙuri ba ɗan uwa. Dabbar da ke cutarwa shari'a ba ta hana kawar da ita ba in babu wata hanya, abin da aka hana shi ne azabtarwa, da kuma kawar da cuta ta hanyar jawo wadda ta fi ta. Na sha ganin yara sun kama bushiya ko mujiya sun ɗaure da igiya suna ja a layi suna jifa wai mayya ce, wannan zalunci ne kuma iyaye su tsawatar, halittar Allah ce tana neman abincinta. Maman Ummi a ringa azkar na yamma a tofa wa yara, a kuma gyara akurki.

Mai walda, Sabon Gari:
Hajiya aikin akurki ne kawai, na yi wa mutane da yawa. Wayar kaji ta kasuwa mai manyan ido ɗin nan ba ta hana komai, tana hana kaza fita ne kawai, tunku na yaga ta ko ya zura baki. Ki sayi mai ƙananan ido mai kauri, rabin inci, a zagaye har sama kar a bar rufi a buɗe. A ɗaga akurkin kan ƙafafu kamar tsayin gwiwa, in kuma a ƙasa yake a yi daɓen siminti ko a binne wayar ƙafa ɗaya a juya bakinta waje don masu tono. Ƙofa da sakata ta gaske ba ƙusa da aka lanƙwasa ba. Magudanar nan a sa mata raga ta rodi a kama da siminti, ruwa ya wuce dabba kar ta wuce, ita ce ƙofarsa. Kaji su shiga kafin magariba, a kwashe ƙwai, kar a bar dusa da ƙanzo a tsakar gida su kwana don su ke kiran ɓera, ɓera ya kira mai cinsa. In kuɗi bai kai ba a fara da magudanar, ko guntun rodi aka samu wajen 'yan gwangwan ya isa.

Bazazzagi a Landan:
Allah ya ba yaro lafiya. Wallahi nan ma haka ake fama, irin tasu yanyawar ja ce ta fi tamu girma, tun wajen shekarun 1930 suka fara shigowa gari da birnin ya ci ƙauyuka, yanzu ana ƙiyasin sun kai dubu 10 a Landan kaɗai. In na taso aiki da dare ina ganinsu a bakin titi suna yaga ledar shara ko gezau. An daɗe ana kashewa aka ga ba ya rage su don wata ke zuwa ta gaje wajen, yanzu shawarar da hukuma ke bayarwa ita ce a rufe kwandon shara da murfi a toshe ƙarƙashin rumfa a daina ajiye musu abinci. Bambancin kawai su nan babu haukan kare a dabbobinsu na ƙasa, mu kuwa akwai, shi ya sa maganar Anti nas ta fi komai.

Maman Ummi:
Alhamdulillah 'yan uwa mun je jiya an wanke an yi masa ta farko an rubuta mana ranakun komawa, yana nan lafiya sai kukan allura. Baba na baza tokar, ga sawun nan da farce zara-zara daga magudanar har akurki, yau ko tsako bai taɓa ba don a kicin na kulle su cikin kwando. Baban Ummi ya toshe ramin da bulo kafin mai walda ya zo Asabar. Gubar na ce wa maƙwabciyata a'a, na kuma roƙe ta ita ma kar ta sa don yaranmu tare suke wasa. Saura kangon, mai shi ba ya gari ko lambarsa ba mu da ita, kuma ina jin nauyin in sa a shiga filin mutum ba izini. Ya ake yi?

Baba na Bomo:
Tunku ne ɗiyata, sawun ya nuna. Kango kuma ba maganar mace ɗaya ba ce, mai gidanki ya samu mai unguwa da liman bayan sallar asuba, mai unguwa ya san wanda ya sayar da filin kuma ta nan za a samu mai shi. In ya ba da izini samarin layi su sare ciyawar da adda da rana, da takalma a ƙafa saboda kububuwa, a kwashe a kai nesa. Kar a sa wuta tsakanin gidaje.

Ɗan Kwangila:
In an sa rana a faɗa min, ina da baro biyu zan kawo a kwashe bolar.