Laporta ya ceci Barcelona ne, ko ya jinginar da gobenta?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni dai na gaji da caccakar da ake wa Laporta a zauren nan kullum. Bari in faɗa ƙarara: mutumin nan shi ya ceci Barcelona. Ya hau kujerar shugabancin kulob a watan Maris na 2021, aka buɗe littafi aka tarar da bashin Yuro biliyan 1.35, albashi kaɗai ya fi duk kuɗin da ke shigowa kulob. Yau ga kofin La Liga na 2023 da na 2025, ga Copa del Rey, ga shi mun koma filinmu na Camp Nou. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Baba Tela: Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ba na zagin kowa, amma maganar Messi ba ta fita raina ba. Da ita Laporta ya yi yaƙin neman zaɓe, ya nuna wa duniya cewa shi ne zai iya riƙe yaron. Ranar zaɓe Messi ya fito da kansa ya jefa ƙuri'a. Ya yarda a zabge masa rabin albashi. Ya dawo daga hutu da nufin sa hannu a kwantiragi, sai ranar 5 ga Agusta 2021 aka ce masa babu hali. Na kalli taron bankwanan a waya ina kan keken ɗinki. Yaron ya tsaya a gaban makirfo ya kasa furta komai, sai da matarsa ta miƙo masa abin share hawaye daga layin gaba. Wanda ya shigo gidan yana ɗan shekara 13, haka aka sallame shi. In ka san ba za ka iya ba, me ya sa ka yi alkawari?

Ɗan Kwari: Baba, da girmanka, ai ba Laporta ne ya kore shi ba. Dokar La Liga ce ta hana a yi masa rajista.

Akanta: Alhaji, dokar gaskiya ce, amma ba nan maganar ta tsaya ba. La Liga kan yanka wa kowane kulob iyakar abin da zai kashe kan 'yan wasa gwargwadon samunsa da bashinsa, kuma Barcelona ta zarce iyakar nesa ba kusa ba. A lokacin akwai ƙofa guda a buɗe, yarjejeniyar kamfanin zuba jari na CVC da La Liga ta kawo: a karɓi kuɗi yanzu, a ba kamfanin wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin nuna wasanni a talabijin har shekara 50. Laporta ya ƙi, ya ce ba zai ɗaure kulob na rabin ƙarni ba. Ni a ranar na yaba masa. Shekara ɗaya tak bayan nan, a 2022, ya sayar wa wani kamfanin zuba jari, Sixth Street, kashi 25 cikin 100 na kuɗin talabijin ɗin La Liga har shekara 25, aka karɓi sama da Yuro miliyan 500. Abin da aka ƙi yi don Messi, an zo an yi irinsa bayan ya tafi. A nan na raba gari da shi.

Autan Zaure: Yaya Akanta ni duk lissafin nan bai dame ni ba. A kakar 2024/25 sau huɗu muka haɗu da Madrid, sau huɗu muka doke su. 4-0 a Bernabéu, 5-2 a Jidda, 3-2 a wasan ƙarshe na Copa, 4-3 a gida. Wane shugaba ne ya ba mu wannan?

Akanta: Ƙanena, ka yi murna, ni ma na yi. Amma ga abin da nake so ka riƙe. Rubu'in nan da aka sayar yana kaiwa wajen Yuro miliyan 40 duk shekara, kuma ba zai dawo hannun kulob ba sai 2047. An haifi Lamine Yamal a 2007. Ranar da yarjejeniyar za ta ƙare yana ɗan shekara 40, ya daɗe da rataye takalmi. Manomin da ya jinginar da rubu'in gonarsa shekara 25 ya sayi taki, bana zai cika rumbu, kowa zai yaba masa. 'Ya'yansa ne za su yi ta noma suna miƙa dami ɗaya cikin huɗu.

Mai Gidan Kallo: Ku bar ni in shigo, don ina ganin ana neman mantawa da wanda ya tona ramin. A 2017 PSG ta biya Yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar. Kuɗin da duniyar ƙwallo ba ta taɓa ganin irinsa ba ya faɗo hannun Bartomeu, shugaban kulob kafin Laporta. Ya kai miliyan 105 Dortmund ya sayo Dembélé, ban da ƙarin da ke biyo baya. Ya kai sama da 120 Liverpool ya sayo Coutinho. A 2019 ya ƙara 120 kan Griezmann, wanda wurin da ya saba bugawa nan ne wurin Messi. Ƙarshenta Coutinho ya tafi Aston Villa a kan miliyan 20, Griezmann ya koma Atlético a kan kusan haka. Suárez kuwa aka tura shi waje kamar bai taɓa yi mana komai ba, ya je Atlético ya ɗauki La Liga a kakar farko.

Daren 14 ga Agusta 2020 yana idona. Gidan kallona cike yake, har bakin ƙofa mutane a tsaye. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Bayern ta ci 4-1, benci biyu na gaba suka tashi suka fice ba wanda ya ce uffan. Waɗanda suka daure suka tsaya, su suka ga Coutinho, ɗan wasanmu da muka ba Bayern aro, ya shigo daga benci ya zura mana biyun ƙarshe. 8-2. Wani yaro da ke zuwa kullum da rigar Messi ya zauna a ƙasa ya kifa kai, har na kashe janareta bai motsa ba. Duk wanda ya karɓi kulob daga wannan hali, dole a yi masa uzuri.

Malama: Yallabai, ba wanda ke wanke Bartomeu a nan. Mambobin kulob ma ba su wanke shi ba, kusan mutum 20,000 suka sa hannu a tsige shi, ya yi murabus a Oktoban 2020 kafin a kai ga ƙuri'a. Amma har yaushe za a riƙa nuna mana 8-2 duk sanda muka yi tambaya? Ni tambayata ita ce su wa suka ɗauko kofunan da Alhaji ke lissafawa. Yamal, Cubarsí, Gavi, Balde, Fermín, Casadó, duk 'yan La Masia ne, makarantar horar da yaran kulob, ba a biya wasu manyan kuɗi a kansu ba. Pedri da Araújo tun zamanin Bartomeu aka sayo su da araha. Rashin kuɗi ne ya sa dole aka buɗe wa yaran ƙofa, Allah kuma ya sa suka zo da baiwa. Da La Masia ba ta fitar da wannan zubin ba, da yau wani zance muke yi.

Ɗan Kwari: Malama, to Lewandowski fa? Raphinha fa? Koundé fa? Da kuɗin da kuke kuka a kai aka sayo su. Lewandowski ya zo ya fi kowa zura ƙwallo a La Liga a kakarsa ta farko, muka ɗauki kofi. Raphinha kowa ya ga abin da ya yi a hannun koci Flick. Shi kansa Flick wa ya kawo shi? Ni ɗan kasuwa ne, na san shagon da ya bar kantarsa fayau don gudun bashi, kwastoma ba ya dawowa. Da an zauna shekara biyar ba a sayi kowa ba ana jiran bashi ya ragu, da Spotify ba ta zo da kuɗin talla ba, da Nike ba ta sabunta yarjejeniyarta ba, da su Pedri sun kama gabansu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Madrid ma sai da ta ci bashin sama da biliyan ɗaya ta gyara Bernabéu.

Sannan ku tuna ɗaya hanyar da ta rage: a sayar da kulob ga attajiri. Ku tambayi 'yan Valencia yadda suka ji a hannun Peter Lim, attajirin da ya sayi kulob ɗinsu. Ku tambayi 'yan Manchester United, waɗanda iyalan Glazer suka sayi kulob ɗinsu da bashi a 2005 suka ɗora bashin a kan kulob ɗin. Barcelona har gobe ta mambobinta ce, su ke zaɓe su ke tsigewa. Kafin Laporta ya hau ma sai da shi da mutanensa suka kawo lamunin sama da Yuro miliyan 120.

Baba Tela: Wannan magana ta mallaka na karɓe ta, ɗana. Ba na so in ga ranar da wani zai saye Barcelona.

Akanta: Ni ma na karɓa, kuma bashin filin wasa ban haɗa shi da sauran ba. Tun 1957 aka buɗe Camp Nou, gyara ya zama dole, kuma fili mai cin mutum 105,000 zai kawo kuɗi. Amma biliyan 1.45 ne aka karɓo ta hannun su Goldman Sachs da JP Morgan, daban da tsohon bashi, kuma da kuɗin shigar filin za a biya. Duk watan da aikin ya yi jinkiri asara ce. An ce mana za a koma a Nuwamban 2024, lokacin cikar kulob shekara 125. Ba a koma ba sai Nuwamban 2025, shi ma da mutum wajen 45,000. A tsakani kaka biyu cur a filin aro na Montjuïc, har ta kai aka karɓi Valencia a filin Johan Cruyff mai cin mutum 6,000.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sayar da abin da kuɗinsa ba ya zuwa. A 2022 aka ce an sayar da kashi 49 na Barça Studios, sashen shirya bidiyo na kulob, kan miliyan 200, aka rubuta a littafi, aka yi wa 'yan wasa rajista da shi. Kaso mai yawa na kuɗin bai shigo a kan lokaci ba, aka yi ta neman sabon mai saye. Ramin da wannan ya bari shi ya biyo mu har kan Dani Olmo. Ka sayi ɗan wasa daga Leipzig a kan fiye da miliyan 50, ka yi masa rajistar wucin gadi saboda Christensen ya ji rauni, ranar 1 ga Janairu 2025 La Liga ta cire sunansa da na Pau Víctor. Sai da hukumar wasanni ta gwamnatin Sifaniya ta sa baki ya ci gaba da buga wasa. Don a rufe wannan ramin aka sake sayar da kujerun alfarma na filin da ba a gama ginawa ba. Tsugune ba ta ƙare ba, Alhaji.

Mai Gidan Kallo: Wannan ta rajista kam tana ba ni kunya. Wasan farko na kakar 2022 da Rayo, yara suka cika gidan kallo don su ga Koundé, suna ta tambayata ina yake. Na ce musu an saye shi amma ba a yi masa rajista ba. Ba su gane ba, ni ma ban iya yi musu bayani ba.

Malama: Kuma ku duba wa tsuke bakin aljihun ke faɗa wa. An rufe Barça TV a 2023, ma'aikata suka rasa abin yi. Gündoğan ya tafi kyauta bayan kaka ɗaya don a rage albashi. Iñigo Martínez, wanda ya riƙe mana baya a kakar da muka ci kofuna, ya tafi Al Nassr kyauta. A gefe guda kuma an kashe miliyan 30 kan Vitor Roque, yaron bai samu wurin bugawa ba, aka ba da shi aro, aka mayar da shi Brazil. Ferran Reverter, wanda aka kawo ya riƙe harkar kuɗi da gudanarwa, ya ajiye aiki a Fabrairun 2022, bai cika shekara ba. Eduard Romeu, mataimakin shugaba mai kula da tattalin arziki, shi ma ya tafi a 2024. In masu riƙe lissafi suna fita ɗaya bayan ɗaya, mai son kulob yana da haƙƙin ya tambaya.

Autan Zaure: Ni abin da ya ƙona mini rai Nico Williams ne. Damina biyu ana ce mana gobe zai zo, ƙarshe ya sa hannu a Bilbao har 2035.

Ɗan Kwari: Na ji duka. Ban ce mutumin ba ya kuskure ba, maganar Olmo ni ma ta hana ni barci. Amma ku faɗa mini wanda zai karɓi kulob ɗin 2021 ya kawo shi wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Turai a 2025 ba tare da ya sayar da komai ba. Har yanzu ina kan bakana: da ba don shi ba, da yanzu tarihin Barcelona muke ba yara.

Akanta: Alhaji, cewa ya hana kulob durƙushewa, na yarda. Cewa ya cece shi, wannan da saura. Ga ma'aunina, kuma ba mai wuya ba ne. Kaka guda ta zo ta wuce, kuɗin tikiti da talabijin da talla su biya albashi da kuɗin ruwa, ba a sayar da wata kadara ba. A sayi ɗan wasa yau, gobe sunansa ya fito a rajistar La Liga, ba jiran wani ya ji rauni, ba zuwa gaban hukuma. In an yi haka, ni zan fara rubuta sunan Laporta a zauren nan da yabo, kai ka zo bayana.

Ɗan Kwari: Na riƙe ka a kan wannan, Malam. Bari a gama hawa na uku na filin a cika shi da mutane, sai mu sake buɗe littafin tare.