"Suna linzami ne": har da sunan aro?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa muka yi musu har shayi ya huce. Ina nuna wa abokina wani zane a waya, hoton Sarauniya Charlotte matar Sarki George na uku na Ingila, wanda Thomas Lawrence ya zana a 1789 yana ɗan shekara 20 kacal, sai na ce ai ba mamaki Lawrence ɗin nan da ya shiga yaƙin Larabawa da Turkawa ya yi suna, jikansa ne, suna linzami ne. Mutumin nan ya ƙyalƙyale da dariya wai na yi kuskure biyu a numfashi ɗaya. Don Allah a ina na kauce?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam. Na farko dai mai zanen nan bai taɓa aure ba har ya mutu a 1830, to ta ina jikan ya fito? Shi ɗan mai masauki ne a garin Devizes, tun yana ƙaramin yaro ubansa ke sa shi zana fuskokin baƙin da suka sauka, kafin ya kai shekara sha biyu ma da zanensa gidan ke cin abinci. Ya zama shugaban Royal Academy, ƙungiyar manyan masu zane ta Ingila, a 1820, amma duk da sarakuna da Fafaroma da ya zana, da bashi a wuyansa ya mutu. Na biyu, karin maganar ba a kan gado take ba. Ma'anarta in an kira sunanka dole ka waiwaya, kamar yadda doki ke juyawa in an ja linzami, ko a tsakiyar kasuwa ne.

Uwar Biyu: Malam ban yarda da kai duka ba fa. Mu yadda muka taso muka ji kakarmu na faɗa, sunan da aka raɗa wa yaro shi ke jan halinsa, shi ya sa in za a yi suna ake zaɓen na mutumin kirki, in yaro ya fito da haƙuri a ce ai mai sunansa ya biyo, suna linzami. Ba wai waiwaye kawai ba.

Malamin Firamare: Hajiya naki ma ana faɗa, ban musa ba. Amma ko a naki ai sunan yanka ake nufi, wanda aka raɗa ranar bakwai, ba sunan dangi irin na Turawa ba.

Bakatsine: Ku tsaya ku ji abin dariya, shi Lawrence na Larabawan ma ba Lawrence ba ne. Ubansa Thomas Chapman sunansa, mai dukiya ne daga Ailan, ya bar matarsa ya gudu da mai rainon 'ya'yansa, suka ɗauki sunan Lawrence don kada a gane su, a haka aka haife shi a 1888. Kuma bayan yaƙi shi da kansa ya yar da sunan, ya shiga sojan sama a 1922 da sunan Ross, da 'yan jarida suka gano shi ya koma Shaw, da wannan sunan ya yi hatsarin babur ya mutu a 1935. To Ɗan Fagge wane linzamin ne ya ja shi cikin ukun nan? Dokin da ke canza linzami da kansa kenan.

Uwar Biyu: Amma kun lura shi ma sunan yankansa Thomas ne? Kun ga maganata ta fito 😂

Bakatsine: Haba Hajiya, rabin Ingila Thomas ne a lokacin.

Ɗan Fagge: To ni wace karin magana ya kamata in yi?

Malamin Firamare: Abin da ka so faɗa shi ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai babu barewa babu ɗa a nan. Wadda ta dace da kai ita ce kama da wane ba ta wane. Mu ma ai muna da irinta, duk wanda ya sa Kano a ƙarshen sunansa a makaranta ba ɗan'uwan Malam Aminu Kano ba ne, garin suka haɗa.

Bakatsine: In ƴan'uwa na jini kake nema akwai Henry da John Lawrence, wa da ƙane, su ma ba su haɗa komai da mai zanen ba. Tare suka mulki yankin Punjab na Indiya wa Turawa amma suka kasa jituwa kan yadda za a yi da manyan ƙasar har aka ɗauke Henry daga can. An kashe shi a garin Lucknow a boren da Indiyawa suka yi wa Turawa a 1857, John kuma ya zama wakilin Sarauniya a Indiya daga 1864 zuwa 1869.

Uwar Biyu: Ni dai ina nan a kan bakana. Ƙanena sunan kakanmu mai faɗa aka sa masa, ku zo gidanmu ranar rabon naman layya ku gani.

Ɗan Fagge: Na gode jama'a. Yau da daddare ni zan biya kuɗin shayin, dama sharaɗin da muka yi kenan.