Hilux a Legas, ni a Sakkwato: in tura kafin alƙalami?

Malam Bello: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman mota mai ogzilari, wato mai ja da tayoyi huɗu, saboda hanyoyin gonakinmu na wajen Goronyo da Wurno, rairayi da rani, laka da damina. Na ga wata Hilux ƙirar 2012 mai shan fetur a Facebook, mai ita ya ce yana Legas. Ya turo hotuna 12 da bidiyon inji yana aiki, farashin kuma ya yi ƙasa da na dillalan nan da kusan miliyan 3. Ya ce in tura naira 500,000 kafin alƙalami ya riƙe mini, direbansa zai kawo ta har gida in biya sauran. Masana, me kuka gani?

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka tura ko sisi. Hoto da bidiyo kowa na iya kwasowa daga tallar wani. Ka kira shi ta bidiyo kai tsaye, ya tsaya gaban motar, ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ɗora kan gilashi, ya tada ta kana kallo, ya nuna maka lambar shasi. Ɗan damfara a nan yake fara cewa motar tana bariki, ko tana hannun ƙaninsa, ko netwok ba kyau. Wanda kuma ya ce maka shi jami'in Kwastam ne mai gwanjo ta WhatsApp, rufe wayarka kawai. Sannan ka duba sunaye uku: na asusun banki, na takardar mallaka, na katin shaidarsa. In ba su zama ɗaya ba, da sauran bayani.

Usta Sani Bakanike: Ko da motar tana nan da gaske, Malam Bello, abin da za ka biya tsada dominsa ba ya fitowa a hoto. Akwai Hilux mai tsayin ƙafa da sitika 4x4 a gefe, alhali tayoyin baya kaɗai ke ja. Akwai kuma wadda asalinta mai ja huɗu ce, amma aksul ɗin gaba ya lalace, aka kwance farfelar gaba, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba, aka ajiye. A kan kwalta ba za ka taɓa ganewa ba, sai ranar da ta nutse a yashi. Don haka dole bakaniken da kai ka ɗauka ya shiga ƙarƙashinta, a rami ko a ɗaga ta, ya ga farfela biyu, ta gaba da ta baya, kowace ɗaure da notocinta.

Ƙirar 2012 tana da ƙaramar giya kusa da babbar, an rubuta H2, H4, L4. A kai ta filin ƙasa, ba kwalta ba, don H4 a busasshiyar kwalta yana ɗaure giyar har ya ci haƙora. A sa H4, fitilarsa ta kama a dashbod ta tsaya, ba ƙyaftawa ba. Sai a tsayar da mota cak, a taka kuloci, a sa L4. Nan za ta riƙa rarrafe da ƙarfi ko ba a taka totur ba. In ta ƙi shiga, ko ta shiga ta tsallo da kanta, akwatin ogzilari ya gaji. A karya sitiyari har ƙarshe a zagaya hagu da dama: ƙarar ƙas-ƙas daga tayar gaba alamar shaf ya ci ne, galibi robarsa ce ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga.

A kwance noton zuba mai na aksul ɗin gaba da na baya, a tsoma yatsa. Mai ya fito kalar shayi da madara, ruwa ya shige shi. Wannan a motar Legas ba abin mamaki ba ne, ambaliya ce. A ɗaga kafet a shinshina, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa a nemi shatin laka, a ƙwanƙwasa ƙarfen shasi da ƙaramar guduma, musamman wajen da sifirin baya ya kama. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin mota mai shekara sama da 10 ba ado ba ne, tsatsa ko walda aka rufe.

Inji kuma a same shi da sanyi, da sassafe. Bidiyon da aka turo maka inji ya riga ya ɗumama, kuma mai ɗumi yana ɓoye hayaƙi da ƙara. A buɗe murfin lagireto kafin a tada, a tada a duba: kumfa na tasowa ba tsayawa, gaskit ya ƙone. Motar da ke lallaɓawa a Legas da irin wannan ciwo, zafin Afrilu na Sakkwato mai haura digiri 40 zai gama da ita cikin mako. Abu ɗaya da zan yaba: injin fetur 2.7, wato 2TR, sarƙar taimin gare shi ba bel ba, kuma kayansa ba sa wuya a garin nan.

Hajiya Asma'u: A ɓangaren takarda, lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, babu I, O ko Q a cikinta. Wadda aka buga a jikin ƙarfen shasi, da ta jikin bodi, da ta takardar Kwastam, da ta lasin mota, duk su zo daidai harafi da harafi. A shafa wurin da hannu, in an goge an sake bugawa za a ji tudu da kwari. Takardar fito kuwa kada a yarda da hotonta, a ɗauki lambarta a je ofishin Kwastam a tantance. A farkon 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin kan tudu, kuma daga Legas zuwa nan shingayen Kwastam ba su ƙirguwa. Aka kama ta bayan ka biya, asararka ce kai kaɗai. Lambar mota a duba ta a rumbun hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, a kuma bincika wajen 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton sace ta.

Injiniya Nura: Ƙari kan na Hajiya. Wasu za su ce a duba Carfax, shafin da ke nuna tarihin mota ta lambar shasi, to ba a sayar da Hilux a Amurka, Tacoma suke da ita, don haka da wuya wani abu ya fito. Farkon lambar ne zai gaya maka inda aka ƙera ta: MR0 Tailan, AHT Afirka ta Kudu. A kula da wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Alamunta faci a bangon da ke tsakanin inji da direba, waifa mai sharewa ta gefen fasinja, da sandar sigina a hannun dama. Juyin da ba a yi da kyau ba yana taɓa burki da sitiyari, ba abin wasa ba ne a hanyar Illela. Mita kuma ba shaida ba ce. In ta nuna kilomita 80,000 amma robar fedar burki ta cinye har ƙarfe, an mayar da ita baya. A jona kwamfutar gwajin mota, in ta nuna an goge laifuffuka kwanan nan, a yi tafiyar minti 30 a sake jonawa.

Malam Bello: Allah ya saka da alheri. To in ba ni da kowa a Legas fa? Shi ya ce yana da bakanike da zai duba.

Alhaji Garba: Bakanikensa nasa ne, ranka ya daɗe. Ɗauki naka daga nan ka biya masa kuɗin mota da masauki, ko ka nemi amintacce cikin 'yan uwanmu na Agege ko Mile 12 ya raka shi. Kuɗin ba zai kai rabin kafin alƙalamin da ake nema ba. Ciniki a yi shi da rana, a wuri mai jama'a, biya ta banki, a rubuta yarjejeniya da lambar shasi, shaidu biyu su sa hannu, makulli da takardun asali su shigo hannu a zama ɗaya.

Usta Sani Bakanike: Batun direbansa ma ban yarda ba. Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce ta Ilori, Jebba, Kontagora, Yawuri, Jega. A hanya ake musanya batir da tayoyi, a farke salansa a kwashe indomin ciki, wato matatar hayaƙi, a loda mata fasinja da kaya. Naka direban ya tuƙo. Kafin ta tashi a juye baƙin mai, a ɗauki hoton mita, a ɗiga fenti a kan notocin salansa da kan batir. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, in ba haka ba ogzilari zai wahala, a kuma karanta lambobi 4 na gefensu: 2319 na nufin mako na 23 na 2019.

Malam Bello: Na kira shi yanzu na ce bakanikena zai iso ranar Laraba, kuma ina son lambar shasi. Ya ce wani daga Ibadan na hanya da kuɗi a hannu, in ina so in tura ko 200,000 ce kafin la'asar.

Alhaji Garba: Bar wa na Ibadan ɗin.