Wanda aka taɓa yi wa allurar makarin dafin maciji, ya zo ya ba mu labari

Malamin Kimiyya, Birnin Kudu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kaka ta kama, an shiga cirar gyaɗa da girbin gero, kuma kowa ya san yanzu ne igiyar ƙasa ta fi taɓa mutane, sai kuma farkon damina lokacin huɗa. Roƙona, duk wanda aka taɓa sara, ko ya yi jinyar wanda aka sara har aka kai ga allurar asibiti, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa. Ban da "an ce".

Har gobe a ƙauyukanmu akwai masu rantsuwa cewa asibiti ba ta da maganin sara, wasu ma cewa suke allura tayar da dafi take yi. Alhali a nan Kano muke da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya shafe shekaru yana bincike a kan wannan allurar, ana kiransa ƙasashe ana jin ta bakinsa. Binciken da suka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa sara tana kashe kusan mutum 2,000 duk shekara a Najeriya, waɗanda ake yanke wa gaɓa kuwa sun haura haka. Yana ƙona mini rai a ce ilimin a gidanmu yake amma bai iso bakin gona ba.

Ɗan Fadama, Sumaila

Wa alaikumus salam Malam. Ni ganau ne. Tarin harawa na ɗaga da yamma, kububuwa ta same ni a bayan ƙafa. Da farko zafin bai kai yadda nake zato ba, ƙafar dai ta kumbura, na kwana a gida. Da asuba ina kurkure baki zan yi alwala sai na ga jini. Na tofar, na sake, jini dai daga dasashi. Wani tsohon yankan lauje a yatsana da ya riga ya kame, shi ma ya buɗe yana tsattsafowa. Da kawuna ya ga haka bai tsaya wata shawara ba, ya ce a kawo babur.

A asibiti nas ta ɗebi jinina ta zuba a wata 'yar kwalbar gilashi, ta ajiye, ta duba agogo. Bayan minti 20 ta karkata kwalbar, jinin ya kwaranyo tsararo. Ta ce da na mai lafiya ne da tuni ya kama kamar kindirmo. Aka zuba maganin a cikin ƙarin ruwa aka ɗaura mini. Kafin a yi kiran azahar jinin bakin ya tsaya. Da yamma aka sake ɗiba, wannan karon da ta juya kwalbar bai motsa ba. Kawu da ke tsaye ya yi ta hamdala har nas ɗin ta ce ya zauna.

Kumburin ya daɗe bai saɓe ba, amma ga ni ina noma da ƙafar.

Nas Mai Ritaya, Dutse

Allah ya ƙara lafiya ƙanina. Wannan gwajin na minti 20 da ka gani, a ƙasar nan aka fito da shi: Farfesa David Warrell da abokan aikinsa suka bayyana shi lokacin da yake aiki a Zariya a shekarun 1970. Ba ya bukatar lantarki ko wata na'ura, sai kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya. Idan ta roba ce, ko an wanke ta da omo, tana iya ruɗin mutum.

Dafin kububuwa yana tilasta wa jini ya yi ta ƙoƙarin daskarewa a ko'ina cikin jiki har sinadaran daskarewar su ƙare ƙaf, sannan kuma yana raunana bangon ƙananan jijiyoyin jini. Ga ɓaraka, ga babu abin toshewa. Allurar tana kama dafin ne ta ɗaure shi, hanta kuma ta ƙera sababbin sinadarai. Shi ya sa muke jiran awa 6 kafin mu sake gwaji. Idan har lokacin bai daskare ba, a ƙara wata.

Abin da na fi shan fama da iyaye a kansa shi ne yara. Uba zai ce ai yaron ƙarami ne, a yi masa rabin kwalba a rage kuɗi. Maciji ba ya rage dafi don ya ga yaro. Yawan da za a ba babba shi za a ba yaro, kuma yaron ne ma ya fi shiga haɗari don jikinsa kaɗan ne.

Maman 'Yan Biyu, Gwaram

Hajiya, ni kishiyata ce aka sara, tana da tsohon ciki. Kara ta je ɗebowa a bayan gida da magariba. Gidan ya rabu biyu: surukarmu ta ce kada a kuskura a yi mata allura, abin cikin zai lalace, a kira mai tofi. Maigida ya rasa ta cewa. Ni na ga zaninta ya fara ɓaci, na ce wallahi ko a kaina zan ɗauke ta. Muka tafi cikin dare.

Ana fara ƙarin ruwan ba da jimawa ba jikinta ya fita da borin jini, ta hau rawar ɗari tana haki. Na ɗora hannu a ka na ce shi ke nan maganar surukarmu ta tabbata. Likitan ya tsayar da ruwan, ya yi mata wata allura a cinya, da ta lafa ya ci gaba a hankali. Jinin ya ɗauke. Ta haihu a kan lokacinta, yarinyar yanzu tana zuwa Islamiyya.

Ɗalibin Likitanci, Tudun Wada

Yaya, Allah ya saka miki. Abin da kika yi shi ne abin da Farfesa Habib da abokansa suka rubuta a 2008 a kan masu ciki da kububuwa ta sara: idan aka ba da ingantacciyar allura da wuri, uwa da ɗa sun fi tsira. Dafin ne ke kawo ɓari da zubar jini a bayan mabiyiya.

Borin jinin kuma yana da dalili. Maganin daga jikin dabba ake samo shi. Macizan ƙasarmu aka kama aka kai makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Liverpool, ana tatsar dafinsu. Sai a riƙa yi wa tumaki ko dawakai allurar ɗan kaɗan, ana ƙarawa sannu a hankali tsawon watanni. Garkuwar jikin dabbar sai ta ƙera sinadaran da suka dace da wannan dafin daidai, masu manne masa su hana shi aiki. A ɗebi jininta, a ware ruwan, a tace waɗannan sinadaran a ɗura a kwalba. Jikin mutum wani lokaci yakan gane baƙo ne ya shigo, sai ya yi bore. Allurar cinyar da kika gani adirenalin ce, ita ke kwantar da boren, kuma saboda ana iya bukatarta ne ba a yarda a yi wannan magani a gida ko a shagon kyamis ba.

Iri biyu aka haɗa don Najeriya. EchiTAb-G daga tumaki, a yankin Wales na Birtaniya, na kububuwa kaɗai. EchiTAb-Plus daga dawakai, a cibiyar Clodomiro Picado ta Kosta Rika, shi ya haɗa kububuwa da kasa da kumurci. Ba a tsaya ga alkawarin masu haɗawa ba, an gwada su a kan mutum 400 a asibitin Kaltungo da ke Gombe, sakamakon ya fito a 2010, Dakta Isa Abubakar da Farfesa Habib da Farfesa Warrell duk suna cikin masu aikin. Kwalba uku ta dawakai ta daidaita jinin kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka yi wa a awa 6, kwalba ɗaya ta tumaki kashi 76. Ta dawakan ta ɗan fi kawo bore. Babu wanda ya rasu a cikinsu, alhali saran kububuwa idan ba magani yakan tafi da mutum 10 zuwa 20 cikin 100.

Dabarar kanta tsohuwa ce. Albert Calmette ɗan Faransa ya fara ta a kan dafin maciji a tsakiyar shekarun 1890, Emil von Behring na Jamus kuma ya samu kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901 saboda irin wannan magani na mashaƙo. Waɗanda suka yi jinyar yara lokacin da mashaƙo ya addabi Kano a 2023, makarin da aka riƙa nema ruwa a jallo shi ma daga jinin doki yake.

Baba Mai Goro, Ringim

Ɗana, na karanta bayaninka, na gode. Ni nawa labarin bai zo da daɗi ba. Babban ɗana ne, shekarar ambaliya, 2022, lokacin da ruwa ya koro macizai kan tudu tare da mutane. Yana gyaran buhunan yashi aka sare shi. Kafin labari ya iso ni, mutanen wurin sun ɗaure ƙafar tamau da roba, sun tsattsaga wurin da reza, wani gardi ya manna baƙin dutse ya ba shi saiwa ya sha. Tsagar nan ba ta daina zuba ba. Hanya kuma ruwa ya yanke ta, sai da kwale-kwale.

Asibitin da muka fara isa suka ce ba su da maganin. Aka rubuta mana takarda, na tura ƙaninsa birni ya sayo a wani shago da kuɗin ragon da na sayar. Aka yi kwalbar farko, aka yi ta biyu, jini bai kama ba. Wani likita da ya zo daga baya ya juya kwalin ya karanta, ya yi shiru, ya ce wannan don macizan wata nahiya aka haɗa shi. Kafin a samo na gaskiyar yaro ya fara ciwon kai mai tsanani, ya daina gane mutane. Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana.

Na yarda da ƙaddara. Amma ina so duk wanda zai sayi kwalbar nan ya sa likita ya duba sunan macijin da ke jikin kwali tukuna.

Malamin Kimiyya, Birnin Kudu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa Baba, ya raya abin da ya bari.

Ɗalibin Likitanci, Tudun Wada

Allah ya gafarta masa Baba. Irin wannan ta faru a wani asibitin karkara a Ghana: da aka sauya musu magani da wanda aka haɗa da dafin macizan Indiya, mace-mace ta tashi daga ƙasa da kashi 2 zuwa kashi 12 cikin 100. Sunan da za a nema a kwali shi ne Echis ocellatus, ita ce kububuwarmu. Kasuwar ta ƙara rikicewa bayan kamfanin Sanofi ya daina yin nasa makarin dafin mai suna Fav-Afrique, wanda ragowarsa ta ƙare aiki a 2016.

Manomin Rani, Kadawa

Ni tambayata ɗaya ce. Macijin namu, masanan namu, dawaki da tumaki kuwa ko kasuwar Maigatari kaɗai ta ishe mu. Me ya hana a haɗa shi a nan? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sara cikin cututtukan da aka yi watsi da su tun 2017, ta ce tana so a rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. To mu a nan, kwalbar tana bukatar firji, ƙaramin asibitin garinmu ko wutar kirki babu. Wanda aka sara a fadama sai ya ƙetare ƙaramar hukuma biyu. Masu bincike sun sauke nasu nauyin, saura masu sayowa su ajiye kusa da mu. Ina ganin kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya kamata a ce akwai ko da kwalba kaɗan a ajiye daga watan Yuni zuwa ƙarshen kaka.

Makiyayi, Dajin Falgore

Ni kumurci ne ya feso mini a ido ina sassabe. Ƙanina ya kwantar da ni ya yi ta kwarara ruwan jarka a idon har ya ƙare. A asibiti ba su yi mini allurar ba, maganin ɗigawa suka ba ni, suka ce ruwan nan ne ya ceci idon.

Ɗan Fadama, Sumaila

Hajiya nas, akwai abin da na manta. Bayan an sallame ni da kamar mako guda na yi zazzaɓi, gaɓoɓina suka yi ta ciwo, ga ƙaiƙayi. Mutane suka ce dafin ne ya dawo. Maƙwabcina da aka sallamo shekaranjiya yana tambayata ko shi ma zai gani.

Nas Mai Ritaya, Dutse

Ba dafin ba ne ƙanina, jikinka ne ke fama da ragowar sinadaran dabbar, yakan zo tsakanin kwana 5 zuwa mako biyu kuma ba kowa yake samu ba. Ka gaya masa idan ya gani ya koma inda aka yi masa allurar, akwai ƙwayoyin da ke kwantar da shi. Kada ya sha ibuprofen ko diclofenac ko asfirin a 'yan kwanakin nan, farasitamol ya ishe shi. Idan kuwa ya ga jini a dasashi ko a fitsari, ko ciwon kai mai tsanani ya taso masa, wannan kada ya jira gari ya waye.