Musayar waƙa: alƙalin da ya soke kuɗin da ya buga

Malam Mai Tawada:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau Salmon Chase na Amurka za mu ɗauka. Ƙwar biyu, amsa-amo "wa". Wanda zai kawo shekara ya kawo ta daidai.

Da sunan Rabbana zan buɗe baiti,
Batun Chase na Ohayo nake kawowa.

A 1808 aka haife shi a Niyu Hamsha,
A 1830 Sinsinati ya je zaunawa.

Garin yana gaɓar Kogin Ohayo,
Tsallake Kentaki ce, inda ake bautarwa.

Bawa ya gudo, ubangida ya biyo sawu,
Chase ke shiga kotu yana karewa.

Matilda, baiwa da ta gudo, a 1837 ya tsaya mata,
Alƙali ya miƙa ta ga masu kamawa.

Fan Zant ya ɗauki bayi tara a keken doki,
Kotun Ƙoli, 1847, nan ma faɗuwa.

Hajiya Mai Kundi:
Malam, ka bar shi kotu yana shan kaye,
Ni majalisa zan kai shi, ba tsayawa.

Lokacin ba talaka ke zaɓen sanata ba,
Majalisar jiha ke da ikon turawa.

A 1849 manyan jam'iyyu ba mai rinjaye,
'Yan tsirarun su Chase ke da rabawa.

Suka mara wa Dimokurat, aka ba shi kujera,
Wasu dokokin danne baƙar fata suka sha sokewa.

A 1856 ya hau gwamnan Ohayo,
Rifablikan na farko da ya samu hawa.

Shikago, 1860, ya nemi tutar shugaba,
Ƙuri'a 49 ya tashi da su a farawa.

Linkon ya ɗauke ta a zagaye na uku,
Ya kira shi baitulmali, shi ke riƙewa.

Ɗan Autan Zaure:
Hajiya, kin tsallake: ya sake zama sanata a 1861,
Kwana biyu kacal ya yi kafin saukawa.

Alhaji Mai Sikeli:
Madalla ɗan auta. Ni kuɗin zan auna,
Yaƙin basasa ya zo, aljihu na zubewa.

Ƙarshen 1861 bankuna suka riƙe zinari,
Soja na son albashi, ba abin bayarwa.

Fabrairun 1862 doka ta ce a buga takarda,
Dala miliyan 150, ba zinarin musanyawa.

Mai bin bashi ba shi da ikon ƙin ta,
Dole ya karɓa, ko rai na sosuwa.

Aka ƙara, aka ƙara, izini ya kai miliyan 450,
Takarda ta yi yawa, daraja na zaizayewa.

Yulin 1864 dala guda mai koren baya,
Kusan santi 35 na zinari take sayowa.

Fuskar wa aka sa kan takardar dala ɗaya ta lokacin?
Tasa ce, mai son mulki ba ya ɓoyuwa.

A 1863 ya kawo tsarin bankunan ƙasa:
Ka sayi takardun lamuni, ka kai ajiyewa,

A ba ka kuɗi na kashi 90 na darajarsu,
In ka karye, jinginar ake sayarwa.

Hajiya Mai Kundi:
Alhaji, ya sha miƙa takardar murabus,
Yunin 1864 Linkon ya ce ya karɓa, ba ja da baya.

Malam Mai Tawada:
Hajiya, "baya" ba "wa" ba ce, amma mun yafe.

Disambar shekarar ya zama Alƙalin Alƙalai,
Linkon ɗin dai shi ya yi naɗawa.

A 1868 ya jagoranci shari'ar tsige Shugaba Jonson,
35 da 19, ƙuri'a ɗaya ta hana tsigewa.

Alhaji Mai Sikeli:
Malam, ga inda gizo ke saƙar:
Matar nan Hefban da bashin Giriswol na jirawa.

Dala 11,250, ta sa hannu tun 1860,
Lokacin tsabar zinari da azurfa ke biyawa.

Wa'adi ya cika kwana biyar kafin dokar 1862,
Ta kawo koren baya, ya ƙi taɓawa.

Fabrairun 1870 Chase ya karanta hukunci,
Huɗu da uku: tsohon bashi takarda ba ta gogewa.

Wanda ya buga kuɗin shi ya ce ba su halatta nan ba,
Ni na ce namijin alƙali ne, ya ci yabawa.

Hajiya Mai Kundi:
Yi a hankali Alhaji, kar ka cika masa mudu,
A 1868 tutar Dimokurat yake lallaɓawa.

Su kuwa tsabar zinari wasunsu ke so,
Hukuncin da ra'ayinsu akwai jituwa.

Alhaji Mai Sikeli:
Hajiya, zuciya Allah kaɗai ya san ta,
Hujjarsa dai: yarjejeniya ba a tauyewa.

Ɗan Autan Zaure:
Iyayena, ku bar ni in kai ƙarshen shari'ar:
Ranar hukuncin Shugaba Girant na da kujerun alƙalai biyu na cikewa.

Ya miƙa sunan Siturong da na Biradli,
A 1871 biyar da huɗu suka yi juyawa.

Chase ya koma cikin huɗun da aka rinjaya,
7 ga Mayun 1873 a Niyu Yok ya yi rasuwa.