Muhawara: kur na gida, wato koyar da yara darasi a gidajensu don kuɗi, yana cinye karatun ɗalibi ko gina shi yake yi?

Haruna: Ni fa ina nan kan bakana. Ɗalibin jami'a da ya kama yin kur a gidajen mutane, da karatunsa yake biya. Ka fito daga amfi, wato zauren lacca, a Harobanda, unguwar jami'a a Yamai, da la'asar, ka tsallaka kogi ta gadar Kennedy cikin cunkoso, ka kai Koira Kano ko Bobiyel, ka dawo bayan isha'i jiki ya mutu. Yaushe za ka buɗe naka littafin? Ga tsarin LMD na jami'a (lisans, masta, doktora), semestar ba ta jiran kowa.

Ramatu: Yaya Haruna, wahalar hanya gaskiya ce, ba mai musu. Amma lissafi nake karantawa a jami'ar Abdu Mumuni, kuma yarinyar da nake koya wa, 'yar CM2, ajin ƙarshe na firamare, ta ƙara mini fahimtar da ban samu a takarda ba. Ta iya rera ƙa'idar raba fraksiyo kamar karatun allo: a juya ta biyu a ninka. Sai ta ce, "Anti, don me ake juyawa?" Na aika aka kawo burodi 2, muka yanka kowanne gida biyu, na ce ta ƙirga rabi nawa ta samu. Ta ce 4. Na ce to 2 a raba da 1/2 ke nan. Ta yi shiru tana kallon burodin, sai ta ɗauki biro ta yi na gaba ita kaɗai. Malamanmu ma dalilin ƙa'ida suke nema a jarrabawa, kuma wanda ya saba bayyana wa yaro dalili ba ya shan wuya a nan.

Salisu: Kin yi dace da gida, Ramatu. Inda na yi, uwar yaron cewa take, "Mushe, yi masa devwar ɗin kawai, gobe za a karɓa." Maki take so ta gani a kaye. Da na ƙi, aka fara ja mini rai da kuɗin wata.

Malam Isufu: Salisu, ɗana, ƙin da ka yi shi ne aikin. Na daɗe ina riƙe aji a firamare. Yaro yana shiga CI, ajin farko, da Hausa ko Zabarmanci a bakinsa, a tare shi da Faransanci, cikin aji cike maƙil. Sai ya koyi maimaitawa. Da yawa suna kaiwa siziyem, ajin farko na sakandare, ba su iya karanta sakin layi su faɗi abin da ke ciki ba, a turwaziyem kuma, aji na huɗu na sakandare, jarrabawar BEPC ta tona asiri. Ku da kuke zama da yaro ɗaya a kan tabarma, ku fara sa shi ya yi karatu da ƙarfi, sannan ya faɗa muku da harshensa abin da ya gane. Tun 2025 ma an ayyana Hausa harshen ƙasa, to kada kunya ta hana ku bayani da ita.

Haruna: Malam, na yarda yaran suna amfana. Ni ɗalibin nake magana a kai. Mu faɗi gaskiya, ba son koyarwa ke kai mu ba, jinkirin bursu ne, wato kuɗin tallafin ɗalibai, da kuɗin fotokofi. Abokina ya ɗauki gida 3 saboda jika 15 ba ta isa, ƙarshenta shi ya maimaita shekara.

Ramatu: Gida 3 ai haɗama ce ko matsi, Allah ya sauƙaƙa masa. Ni gida ɗaya ne a Karaje, da ƙafa nake zuwa. Tun ranar farko na gaya wa mahaifinta cewa makon jarrabawata ba ni zuwa, kuma ba ni rubuta wa 'yarsa komai da hannuna.

Haruna: Mutum nawa ke samun gida a wannan gefen kogin? Masu biya da kyau suna can ƙetare.

Salisu: Ramatu, ki tambayi maƙwabtansu ko akwai mai ɗan turwaziyem da ke neman mai fizik. Ni ma na gaji da gadar nan.