Littafin naman mutane: mu ci gaba da shi ko mu ajiye?

Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun daren Talata maganar nan ke cina, yau dai zan faɗe ta. Littafin da Mustafa ya kawo mana na wannan watan, Tender Is the Flesh, ni na ajiye shi, kuma ina roƙon a cire shi daga karatunmu. Ga waɗanda ba su fara ba, wata 'yar Ajantina ce ta rubuta, Agustina Bazterrica. A labarin wata cuta ta kama dabbobi, namansu ya zama guba, sai gwamnati ta halatta a riƙa kiwon mutane ana yankawa ana sayarwa. Na kai inda ake zagayawa da masu neman aiki cikin mayanka, ana nuna musu yadda ake buga wa mutum guduma a goshi, a rataye shi ta ƙafa, a tsiyaye jini, a feɗe. Washegari na shiga kasuwar Kejetia ta nan Kumasi sayen nama, ina tsayawa gaban tebur zuciyata ta tashi, na juyo hannu banza. Kwana uku ke nan kifi yarana ke ci. Wannan ba adabi ba ne. Rubutun da zai zauna yana lissafa maka yadda ake daddatsa ɗan Adam gaɓa-gaɓa ba tausayi yake koyarwa ba, kashe shi yake yi.

Mustafa: Wa alaikumus salam Anti Rabi. Ki gafarce ni, laifina ne da ban yi gargaɗi tun farko ba. Amma batun cewa ba adabi ba ne, ban yarda ba. Ya ci kyautar Clarín a ƙasarsu a 2017, Sarah Moses ta fassara shi zuwa Turanci a 2020.

Rabi: Kyauta ba hujja ba ce a wurina, ƙanena. Waɗanda suka ba shi kyautar ba su za su kwana da abin da na gani ba.

Mustafa: To a bar kyautar. Ki duba abin da matar ta fi dagewa a kai. A cikin littafin haramun ne ka kira waɗanda ake yankawa mutane. "Kai" ake ce musu, kamar yadda ake ƙirga shanu, naman kuma "nama na musamman". Sai da aka canja suna sannan wuƙa ta samu hanya. Kuma ki tuna daga ina ta fito: ƙasar da sojoji suka mulka daga 1976 zuwa 1983, suna ɗauke mutane cikin dare, ba a cewa an kashe su, sai dai a ce sun ɓace.

Baba Ɗanjuma: Salamu alaikum. Ni ba na karatun boko, Hadiza ce ke karanta mini tana juyawa da Hausa bayan isha'i, ita ce ma ke rubuta wannan. Fawa na gada, tun ina riƙe wa mahaifina ƙafar akuya har yau da nake sammako zuwa mayankar Kaase. Da yarinyar nan ta kai wurin da Rabi ta faɗa, na ce mata tsaya. Matar nan ta san aikinmu. Yadda ake ratayewa, inda wuƙa ke fara shiga wajen fiɗa, yadda ake ware kayan ciki, ba ta yi kure ba. Abin ya ɓata mini rai, don sana'ar da na ciyar da 'ya'ya tara da ita aka ɗauka aka yi abin tsoro da ita. Amma da na kwanta sai na ga abin da babu a mayankar tata. Mu ba ma wasa wuƙa a gaban dabba. Sa ya sha tafiya a mota tun daga Burkina, sai an ba shi ruwa. A kwantar da shi ta hagu, a fuskantar da shi alƙibla, a ambaci sunan Allah, a ja wuƙa da sauri, kuma ba a yanka wani a kan idon wani. Wannan bisimillar tuni ce cewa ran ba naka ba ne, izini aka ba ka. A littafin har maƙogwaro suke yi wa aiki don kada su yi magana. Mu ko saniya ba mu hana ta kuka.

Rabi: Baba, ai maganata kake ƙarfafawa. Kai da ka shekara da shekaru cikin jini ka ce a tsaya, ina ga mu?

Baba Ɗanjuma: 'Yata, na ce a tsaya, amma washegari ni na ce a ci gaba. Ban gama yanke hukunci ba tukuna.

Malam Nuhu: Abin da Baba ya kawo yana cikin Arba'una Hadis, na 17: Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku yi yanka ku kyautata, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Game da muhawararku kuwa, ku duba Suratul Hujurat, aya ta 12. Da Allah zai nuna mana munin gulma, da me ya kwatanta ta? Da mutum ya ci naman ɗan uwansa matacce. Ke nan kawo hoto mai tayar da zuciya don a farkar da mutum ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sai dai Mustafa kada ka yi saurin murna. Ayar ta faɗa a taƙaice ta wuce, ta ce ai kun ƙyamace shi. Ba ta tsaya tana siffanta hanji da ɓargo ba. Ita kuwa wannan baiwar Allah shafi 200 da 'yan kai ta cika.

Mustafa: Allah ya gafarta Malam, mu ne muka yi nisa. Aya guda ta ishi mai zuciya a raye. Mu da muke jin an kashe mutum goma sha a labarai muna tauna cicinga, sai an riƙe mana kai an ce kalla.

Zulai: Bari in sa baki, yanzu na sauka daga aikin dare. Shekara 14 ina aikin jinya, na ga abin da hatsarin mota ke yi wa jikin mutum, na wanke raunin da ba zan siffanta muku ba. Wallahi ba jini ne ya taɓa rage mini tausayi ba. Ranar da na tsorata da kaina ita ce ranar da na ce wa abokiyar aikina "gado na bakwai ya tafi, a canja zanen." Sai na ɗaga kai na ga matarsa tsaye a bakin ƙofa da kwanon koko a hannu, ta kawo masa karin kumallo. Ta ji ni. Mutumin yana da suna, sati biyu ina ba shi magani, amma a bakina ya zama lambar gado. Da na karanta yadda Marcos, mai kula da mayankar, ke cewa "kai" alhali ya san mutane ne, fuskar matar nan na gani. Don haka Rabi, ƙawata, ni littafin bai kashe mini komai ba. Tsohon ciwo ya fama.

Hadiza: Ni ce yanzu, ba Baba ba. Anti Rabi, don Allah kada ki ga rashin kunyata. Muna magana kamar abin a Ajantina kawai zai yiwu. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro, a kasuwar Salaga suke sauka, kuma a kasuwar nan har mutane ake sayarwa. Rijiyoyin da ake yi wa bayi wanka kafin a kai su kasuwa suna nan har yau. Wanda ya saya yana salla, wanda ya sayar yana salla, kalmar "bawa" ce ta raba su da wanda ke ɗaure. A bar na da. A 2020 a Kafaba, kusa da Salagar nan, an doke tsohuwa mai shekara 90 har ta mutu da rana tsaka, mutane na tsaye suna kallo, saboda an ce mata mayya. A 2017 a Denkyira-Obuasi an kashe sojan nan Maxwell Mahama saboda an ce masa ɗan fashi. Bidiyon duka biyun ya zagaya wayoyinmu. Nawa ne cikinmu suka goge ba su kalla ba?

Rabi: Na kalli na tsohuwar, kuma har gobe ina istigfari. Amma Hadiza kin ba ni hujja ne. Tunda muna da Salaga da Kafaba, abin da ya faru da gaske a ƙasarmu, me ya kai mu aron na ƙarya? Ga abin da ya fi damuna. Ni malamar makaranta ce, na san yadda yara ke karatu. Ba za su tsaya kan maganar suna da Mustafa ke yi ba. Shafin jinin za su nema, su ɗauki hotonsa su tura wa juna. Cikin masu neman aikin nan biyu, ɗaya jikinsa ya mutu, ɗayan kuwa daɗi yake ji, har ɗoki yake. Wa ya ba ku tabbacin masu karatu irin na farkon ne?

Mustafa: Ai da gangan ta sa na biyun, don mai karatu ya tambayi kansa wanne ne shi.

Rabi: Sanin cewa akwai mai jin daɗi bai hana ta dafa masa abin da yake so ba. Sannan ku duba a jikin wa aka fi dadewa. Mata masu ciki da aka yanke wa hannu da ƙafa don kada su kashe abin da ke cikinsu. Ni uwa ce. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ban ga abin da wannan shafin ya ƙara mini ba sai rashin barci.

Zulai: Nan kam ba zan yi miki musu ba. Wurin nan tsallake shi na yi, kuma ko da ba shi saƙon ya isa.

Hadiza: Ni ban tsallake ba, kuka na yi. Ba zan ɓata wa kowa ƙarshen ba, abu ɗaya kawai zan ce. Tun farko kana tare da Marcos, ɗansa ya rasu, matarsa ta koma gidansu, mahaifinsa ya ruɗe da tsufa, shi kansa ba ya cin naman. Aka ba shi mace kyauta don ya yanka, ya sa mata suna, ya shigar da ita ɗaki. Sai ka saki jiki ka ce ga mutumin kirki ɗaya. Anti, in kin tsaya a mayanka, ba ki kai inda littafin ke tuhumar mai karatu ba.

Rabi: Na yarda akwai abin da ban kai ba. Ba zan kai ba kuma.

Malam Nuhu: To ga shawarata. Ba za a cire shi ba, ba kuma za a tilasta wa kowa ba. Kada a ba yaron da bai kai 18 ba, kada a turo hoton shafukansa a nan. Zaman Lahadi yana nan a Aboabo bayan la'asar. Rabi, ki zo ko ba ki ƙarasa ba, maganar yaran makaranta da kika kawo ba a amsa ta ba.

Baba Ɗanjuma: Ni ma zan zo in Allah ya kai mu. Hadiza ta ce saura babi kaɗan, yau za mu gama.

Rabi: Zan zo, Malam. Mustafa, ka biyo ta Asawase gobe ka karɓi littafinka. Yana saman durowa cikin baƙar leda, babbar 'yata ta fara tambayata me ke ciki.